Daga Kogin Bunga Zuwa Tafkin Chadi: Tarihin Haɗin Kan Maƙwabta a Kan Ruwa Ɗaya

Gabatarwa

Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram ba su da teku, kuma tsakaninsu da gaɓar Tafkin Chadi akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Duk da haka, ruwan saman da ke sauka a kan duwatsunmu da fadamunmu gabas yake nufa, kuma idan ya tsira daga rana da yashi da ban-ruwa, a wannan tafki yake ƙarewa. Ƙasashe huɗu ne ke zaune a gaɓar tafkin, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma tun shekarar 1964 suke ƙoƙarin tafiyar da shi tare. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan ƙoƙari, ta nuna inda ya yi nasara da inda ya gaza, sannan ta nuna matsayinmu a cikinsa. Na rubuta ta ne musamman saboda malaman makarantunmu, domin na lura yaranmu suna iya lissafo manyan kogunan Turai da Amurka, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin inda kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram ya taso da inda ya dosa.

Hanyar ruwan

Kogin Bunga yana tasowa ne daga tsaunukan Jos a Jihar Filato. Daga nan ya gangaro ta Jihar Bauchi, ya bi ta ƙasar Ningi, ya ratsa ƙasar Gwaram, ya sake komawa Jihar Bauchi inda ake kiransa Kogin Jama'are, a can gaba kuma Kogin Katagum. Shi kuwa Kogin Haɗejiya, haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa ce ta haife shi. Kogunan biyu sukan bazu a babbar fadamar da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, sannan su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Wannan kogi ya wuce ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar ta wajen Difa da Damasak, ya faɗa tafki kusa da Boso da Malam Fatori.

Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin daga kudu yake zuwa, ta Kogin Shari da Kogin Logon, waɗanda suka taso daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Abin da Kogin Yobe ke bayarwa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Na biyu, wannan ɗan kaso shi ne rayuwar mutanen da ke zaune a bakin kogin, daga masu noman shinkafa na Bade zuwa masu noman tattasai na Difa. Haka kuma, tun da aka datse rassan Kogin Haɗejiya, mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa ta Kogin Jama'are yake bi, wato ruwan da ya wuce ta ƙofar gidanmu.

Zumuncin da ya girmi iyakoki

Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, shaida ce cewa makiyaya sun daɗe suna bin ruwa da ciyawa a wannan ƙasa. Kogi hanya ne ga makiyayi da masunci da falke. Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu, babban birnin Daular Borno, kusa da Kogin Yobe a ƙarshen ƙarni na 15. Ta wannan kwari kanwa ungurnu da gishiri da bandar kifi suke shigowa ƙasar Kano, tufafi da ƙirgi da hatsi kuma su nufi gabas. Ta nan ne Baturen nan Kilafatan da abokin tafiyarsa Likita Oudney suka biyo daga Kukawa, har Oudney ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Alhazan ƙafa ma, waɗanda kakanninmu da yawa suna cikinsu, ta gefen tafkin suke bi su shiga Sudan.

Maƙwabtakar ba ta rasa faɗa ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram suna bakin daga a yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Kano da Ningi, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ɓatar da shekaru masu yawa na mulkinsa wajen tsare wannan iyaka ta kudu. Yau jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya a Sara, suna auratayya, suna shan kogi ɗaya.

Zuwan Turawa ne ya yanka tafkin kashi-kashi tsakanin Ingila da Faransa da Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya rabon Jamus ya koma hannun sauran biyun. A 1960 ƙasashen huɗu suka sami 'yancin kai, kowace ta gaji yankinta na ruwan da iyakar da aka zana a takarda.

Yarjejeniyar Fort Lami

Darasin farko na aiki tare daga shanu ya fito. A 1962 aka fara gangamin allurar cutar bushiya a ƙasashen huɗu lokaci guda, domin an gane cewa idan Nijeriya ta yi wa shanunta allura, Nijar ba ta yi ba, garken da ya ƙetaro da kaka zai dawo da cutar. Dattawan Fulaninmu suna tuna alamar da malaman dabbobi ke yi a kunnen duk saniyar da aka yi wa allura. Cutar ta lafa ƙwarai. Da aka yi sake da allurar bayan gangamin ya ƙare, sai ta dawo da ƙarfi a 1983 ta yi ɓarna mai yawa a garkunan Arewa. Sai da aka sake haɗa kai, a wannan karo nahiyar baki ɗaya, kafin a 2011 a yi shelar kawar da ita daga duniya.

A ranar 22 ga Mayu, 1964, shugabannin ƙasashen huɗu suka hallara a Fort Lami, wanda aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973, suka sa hannu a yarjejeniyar kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Su ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya, da Shugaba Diori Hamani na Nijar, da Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru, da Shugaba Tombalbaye na Chadi. Jigon yarjejeniyar shi ne kada wata ƙasa ta fara wani babban aiki da zai taɓa yawan ruwan ko ingancinsa ba tare da ta sanar da sauran ba. A lokacin faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000.

A taron shugabanni na 1994 a Abuja aka amince da shigar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, aka kuma faɗaɗa yankin da hukumar ke kula da shi har ya haɗa da mafarin kogunan da ke shayar da Kogin Yobe. Tun daga lokacin Birnin Kudu da Gwaram suke cikin hurumin wannan hukuma a hukumance, ko da yake kaɗan ne daga mutanenmu suka san haka. Libiya ta shiga a 2008.

Fari da madatsun ruwa

Farin 1972 zuwa 1974 ya jarraba wannan yarjejeniya. Tafkin ya rabe gida biyu, kwarin arewa da na kudu. Da farin 1983 da 1984 ya biyo baya, buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Kowace ƙasa ta shiga neman abin da za ta ciyar da mutanenta, kuma kowace ta yi gaban kanta. Kamaru ta gina madatsar Maga a gefen Kogin Logon a 1979, fadamar da ke ƙasa da ita ta bushe. Nijeriya ta kashe kuɗi masu yawa a kan aikin noman rani na Kudancin Chadi a Marte, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000 da ruwan tafkin, amma ruwan ya janye ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa.

A wajenmu, gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano ta kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma gama ta Challawa a 1992. Babu mai musun amfaninsu. Noman ranin Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano duk a kansu suka dogara. Sai dai an gina su ne da lissafin bukatar mutanen sama, ba a yi cikakken lissafin na ƙasa ba. Kafin madatsun, ambaliyar damina kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar Haɗejiya da Nguru a shekara mai kyau. A shekarun 1980 da farkon 1990 sau da yawa ba ta kai 1,000 ba, sakamakon fari da datse ruwa a haɗe.

Wata illar kuma ba a zata ba. A da kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Wasu garuruwa ruwa ya mamaye gonakinsu ya ƙi janyewa, wasu kuma reshen kogin da suka dogara da shi ya daina kawo musu ruwa. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi ba da amfani, mudu da mudu, a kan wanda aka tare aka kai wa manyan gonakin noman rani na Kano.

Ƙirƙiro jihohi ya ƙara yawan masu ruwa da tsaki. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka fitar da Jigawa daga Kano, aka fitar da Yobe daga Borno. Ina cikin ma'aikatan da suka koma Dutse a wancan lokaci, kuma na ga yadda aka raba motoci da kujeru da ma'aikata cikin tsanaki, amma littattafan awon ruwan kogi na shekaru masu yawa suka watse tsakanin ofisoshi. Na san wani dattijo mai karanta sandar awo a gindin wata gada da ya ci gaba da rubuta tsayin ruwa safe da yamma har tsawon damina biyu ba wanda ya zo karɓar littafinsa, ba kuma wanda ya biya shi. Ruwan da ba a auna ba kuwa, ba a iya raba shi da adalci.

Iyaka da tsaro

Da ruwan tafki ya janye, masunta da manoma suka bi shi, ba tare da sun san sun ƙetare iyaka ba. A 1983 sojojin Nijeriya da na Chadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. 'Yan Nijeriya da yawa, cikinsu har da Hausawa masunta, suka kafa ƙauyuka a yankin Darak, inda Kamaru ke cewa ƙasarta ce. Hukumar tafkin ta sa aka bi iyakokin aka kafa alamomi tsakanin 1988 da 1990. Daga baya maganar ta je Kotun Duniya tare da ta Bakasi, kotun ta yanke hukunci a ranar 10 ga Oktoba, 2002, kuma a watan Disamba na 2003 Nijeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka kimanin 30 na yankin tafkin ba tare da an zubar da jini ba.

Tsakanin Nijeriya da Nijar kuwa akwai hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu a Yarjejeniyar Maiduguri a watan Yuli na 1990 a kan raba ruwan kwaruruka huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, cikinsu har da Gulbin Maraɗi da ƙarshen Kogin Yobe.

Rikicin Boko Haram ya nuna tsadar barin yankin tafkin ba kulawa. Bayan harin Baga na watan Janairu na 2015, aka sake fasalin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin tare da Jamhuriyar Binin, aka mayar da hedikwatarta Injamena a ƙarƙashin inuwar hukumar tafkin. Rundunar ta taimaka wajen ƙwato garuruwa da dama. A watan Mayu na 2018 gwamnonin jihohi da lardunan da ke kewaye da tafkin suka yi taronsu na farko a Maiduguri. Mu ma nan mun ɗanɗana: bandar Baga ta yi tsada a kasuwanninmu, 'yan cin-rani da ke zuwa su da noman tafki suka rasa wurin zuwa, makiyayan da aka tare wa hanyar gabas suka ƙaru a burtalolinmu. Juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023 ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, kuma a watan Maris na 2025 ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa. Kogin Yobe dai yana nan a tsakanin ƙasashen biyu, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batun Kafin Zaki

Maganar da ta fi shafar Gwaram kai tsaye ita ce ta madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, a kan Kogin Bunga, sama da mu. An fara tunaninta bayan farin shekarun 1970, an ba da kwangilarta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. An tsara za ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 2,700. Mutanen Bauchi suna ganin haƙƙinsu ne su amfana da kogin da ya ratsa ƙasarsu kamar yadda Kano ta amfana da Tiga. Mutanen Yobe da Borno suna ganin ita ce za ta tare musu ragowar ruwan da ke isa gare su. Har yanzu ba a gina ta ba.

A watan Yuni na 2006 gwamnonin jihohi shida, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka yi taro a Damaturu a zamanin Shugaba Obasanjo, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kuma kafa asusun haɗin gwiwa mai mazauni a Damaturu domin ayyuka irin su yashe hanyoyin ruwa da cire kacala. A 2012 shugabannin ƙasashen tafkin suka amince da Kundin Ruwa na Tafkin Chadi a Injamena, wanda ya tanadi barin wani adadin ruwa ya riƙa gudana saboda na ƙasa. Takardu dai akwai su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne biyan kuɗin da aka yi alkawari da kuma bin abin da aka rubuta.

Ana iya yi, domin an yi a wani wuri. Mali da Muritaniya da Senigal sun kafa ƙungiyar Kogin Senigal a 1972, suka gina madatsun Diyama da Manantali a matsayin mallakarsu su duka, kowace ta biya gwargwadon amfanin da za ta samu. Ko a rikicin Senigal da Muritaniya na 1989, lokacin da suka yanke hulɗar jakadanci, ƙungiyar ba ta rushe ba. A ganina, idan har za a gina Kafin Zaki, irin wannan tsari ya kamata a bi: jihohin da ke bakin kogin su mallake ta tare, a rubuta jadawalin sakin ruwa kafin a aza harsashi, jadawalin kuma ya haɗa da sakin ambaliyar damina domin fadamu su sha.

Mu mutanen Gwaram da Birnin Kudu muna tsakiya. Ga Filato da Ningi mu na ƙasa ne, ga Katagum da Bade da Difa mu na sama ne. Duk hujjar da za mu kawo wa na sama da mu don kada su tare mana ruwa, ita ce na ƙasa da mu za su kawo mana a kan injinan ban-ruwan da suka cika bakin kogi, da sare itatuwan gaɓa, da ɗibar yashi ba ƙa'ida. Ambaliyar 2001 da ta 2022 a Jigawa, da fashewar madatsar Alau da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, sun nuna cewa yawan ruwa ma yana bukatar shawara da gargaɗi a kan lokaci kamar yadda ƙarancinsa yake bukata. Shi kansa tafkin ya ɗan farfaɗo bayan shekarun 1980, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Shirin jawo masa ruwa daga kwarin Kogin Kwango, wanda aka sake tattaunawa a taron Abuja na watan Fabrairu na 2018, yana kan takarda, saboda haka dogaronmu yana kan tattalin ruwan da muke da shi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa duk lokacin da ƙasashen tafkin suka yi aiki tare, kamar a allurar bushiya da shata iyaka da yaƙi da ta'addanci, sun ga amfani, kuma duk lokacin da kowa ya kama gabansa, na ƙasa ne ya fara shan wahala, daga baya ta iso ga na sama. Ina ba da shawara a mayar da sandunan awo a gadojin Kogin Bunga da rassansa, a riƙa biyan masu karanta su, a kuma riƙa bayyana sakamakon ga kowace jiha. Ina ba da shawara a sa sarakunan ruwa da sarakunan noma da arɗaɗai a kwamitocin kwarin, domin su ne suka san mashaya da burtali da lokacin da kifi ke hayayyafa. Ga malamai kuma, ina roƙon a kai ɗalibai bakin kogi ko da sau ɗaya a zango, a sa su zana hanyarsa daga Jos zuwa Boso, su rubuta sunayen garuruwan da ke shan sa, su tambayi dattawan garinsu inda ruwa ke kaiwa a damina kafin farin 1973, a adana amsoshin a makaranta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.